Jan Pronk: Ministan Holan da bakinsa ya sa aka kore shi daga Khartoum

Jama'a barkanmu da warhaka. Ranar 22 ga Oktoba 2006 gwamnatin Omar al-Bashir ta ba wani Bature awa 72 ya tattara nasa ya nasa ya bar Sudan. Kuma fa ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne wakilin musamman na Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, wato babban jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar. Sunansa Jan Pronk, ɗan Holan. Laifinsa kuwa rubutu ne da ya yi a shafinsa na intanet, ya ce sojojin gwamnati sun sha kashi har sau biyu a hannun 'yan tawaye a Arewacin Darfur, an kashe musu mutane da yawa kuma gwiwarsu ta yi sanyi. To kun san babu sojan da zai haɗiye wannan magana, balle a bainar jama'a, balle daga bakin wanda ake wa kallon mai shiga tsakani.

Amma duk wanda ya san Pronk tun da farko bai yi mamaki ba, don ba ranar ya fara ba.

An haife shi ranar 16 ga Maris 1940 a Scheveningen, wata unguwar bakin teku a birnin Hague. Ya karanci tattalin arziki a Rotterdam, ya yi aiki a ƙarƙashin Jan Tinbergen, malamin da ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1969, karon farko da aka bayar da ita. Daga wajen wannan malami ya ɗauko ra'ayin cewa ƙasashe masu arziki suna da haƙƙi a wuyansu game da ƙasashe matalauta, ba wai alfarma suke yi ba. Ya shiga jam'iyyar ma'aikata ta PvdA, 1971 ya je majalisa, 1973 yana da shekara 33 kacal Firaminista Joop den Uyl ya naɗa shi ministan tallafin raya ƙasashe. Yaro ɗanye shakaf amma kuɗi masu yawa a hannunsa, ya ɗaga kasafin tallafi sosai, ya sa Cuba cikin masu amfana a daidai lokacin yaƙin cacar baka, 'yan mazan jiya na Holan suka yi ta kumfar baki. Yana kuma cikin waɗanda suka zauna teburin ba ƙasar Suriname 'yancin kai daga Holan a 1975. Daga 1980 zuwa 1986 ya tafi Geneva ya riƙe mataimakin shugaban UNCTAD, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasuwanci da raya ƙasashe, sai 1989 ya dawo tsohuwar kujerarsa, ya zauna har 1998.

Nan ne labarin ya ɗauki zafi. A Nuwamban 1991 sojojin Indonesiya suka buɗe wuta kan jama'a a wata maƙabarta a Dili, Gabashin Timor, mutum sama da 200 suka mutu. Pronk ya fito ya yi suka, Holan ta dakatar da sabon tallafi. Ku tuna fa Indonesiya Holan ce ta yi mata mulkin mallaka, to sai shugaban ƙasar, Suharto, ya ga kamar tsohon ubangida ne ya dawo yana ɗaga masa yatsa, 1992 ya ce ku riƙe kuɗinku ba ma so, har ƙungiyar masu ba Indonesiya tallafi wadda Holan ke shugabanta ya sa aka rushe. Ni a ganina gaskiya Pronk ya faɗa, sai dai ayyukan tallafin da suka tsaya talakan ƙauye ne ya ji a jikinsa, Suharto ko gezau.

Sai Srebrenica, wani gari a Bosniya, a Yulin 1995. Sojojin Holan ne ke gadin garin da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin da dakarun Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladić suka shigo, aka yi wa maza da samari Musulmi kusan 8,000 kisan gilla. Kwanaki kaɗan bayan haka, ana ta kwana-kwana a Hague kowa na auna kalmarsa, Pronk ya kira abin da sunansa, kisan ƙare dangi. Abin bai bar zuciyarsa ba, shekara bakwai bayan nan da rahoton bincike ya fito a Afrilun 2002 shi ne ya nuna ba zai iya ci gaba da zama minista ba, ranar 16 ga wata gwamnatin Firaminista Wim Kok gaba ɗaya ta yi murabus. A lokacin ma ministan muhalli ne, shi ya jagoranci taron sauyin yanayi da ya watse baram-baram a Hague a 2000, aka sake zama a Bonn a 2001 aka ceto yarjejeniyar Kyoto ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya bayan Amurka ta juya mata baya.

To mutumin da Annan ya tura Khartoum a 2004 ke nan. Shin sakaci ne ko da gangan aka zaɓo mai kaifin baki, wannan ku faɗa mana a ƙasa.

Bayan Sudan ya koma koyarwa a matsayin farfesa a wata cibiyar nazarin zamantakewa a Hague. 2007 ya nemi shugabancin jam'iyyarsa, Lilianne Ploumen ta kayar da shi. Sai 2013, PvdA tana gwamnatin haɗaka da Firaminista Mark Rutte, ta riga ta yarda a mayar da zaman baƙin haure babu takardu ya zama laifi, ga kuma yanke kuɗin tallafi, abin da ya ƙarar da rayuwarsa yana ginawa. Dattijo mai shekara 73 ya rubuta takarda ya fice daga jam'iyyar da ya shafe kusan shekara 50 a cikinta.