Kansar Mama Mai Jerin Gwano da Masu Binciken da Suka Haɗa Hannu a Kanta

A ce kuna duban hotuna guda biyu da aka ɗauka ta madubin likita. Dukansu naman mama ne, kuma dukansu kansa ce. A na hagu, ƙwayoyin kansar sun taru wuri guda sun yi curi. A na dama kuwa babu curi. Ƙwayoyin sun bi juna ɗaya bayan ɗaya, jerin gwano, suna kutsawa tsakanin lafiyayyen nama. Wannan ta daman ita ce likitoci ke kira kansar lobula mai bazuwa, domin an danganta ta da lobula, wato ƙananan jakunkunan da ke samar da ruwan nono. Cikin kowace mata 100 masu kansar mama, 10 zuwa 15 irin wannan suke ɗauke da ita. Ita ce ta biyu a yawa.

Me ya sa take jere haka? A jikinmu akwai wani sinadari mai suna E-cadherin, aikinsa kamar na danƙo ne, shi ke manne ƙwayoyin jiki da juna. A shekarar 1995, masu bincike daga Beljiyam da Holand suka nuna cewa a wannan kansar ƙwayar gadon da ke samar da danƙon, wato CDH1, takan lalace. Da zarar danƙo ya tafi, kowace ƙwaya ta kama gabanta.

Daga nan matsalar take farawa. An saba gaya wa mata su lalubi ƙullutu, amma wannan sau da yawa ba ta yin ƙullutu. Abin da mace kan ji shi ne wani ɓangare ya yi kauri, ko fata ta lotsa, ko kan nono ya shige ciki, ko ɗaya ya canza girma. Hoton mamogram ma yakan wuce ta bai gani ba, shi ya sa a lokuta da dama sai na'urar MRI ke nuna iyakar inda ta kai. Yawancinta istrojin, wato sinadarin jikin mace, shi ke ciyar da ita, tana tafiya a hankali, kuma tana iya dawowa bayan shekara 10 ko fiye, lokacin da mai ita ta ɗauka an wuce wurin. In ta bazu kuma, ban da ƙashi, takan je wuraren da ba a cika zato ba: ciki, hanji, tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, da ma'ajiyar ƙwan mace.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan batu shi ne yadda cutar ta ɓuya hatta ga bincike. Gwajin sabon magani yakan buƙaci ciwon da za a iya aunawa a hoto, aƙalla milimita 10, don a ga ko ya ragu. To yaya za a auna abin da ya shimfiɗu kamar yanar gizo-gizo? Sai a ce wa mai lobula ba ta cika sharaɗi ba. In ma an ɗauke su, ba su da yawa, sai sakamakonsu ya nitse cikin na sauran. Haka aka shafe shekaru ana yi musu magani da hujjar da aka samo galibi daga wata irin kansar daban.

Babu asibiti guda da ke da marasa lafiya isassu da zai amsa waɗannan tambayoyi shi kaɗai. Dole aka haɗa.

A 2015, wani babban shirin nazarin ƙwayoyin gado na Amurka mai suna TCGA ya fitar da sakamakon samfura 817 na kansar mama, 127 daga ciki na lobula ne. An ga cewa bambancin bai tsaya ga siffa a madubi ba, ya kai har ga irin ƙwayoyin gadon da ke lalacewa, kamar PTEN da TBX3 da FOXA1. A wannan shekarar dai, aka sake duba bayanan wani tsohon gwaji na ƙasa da ƙasa, BIG 1-98, aka ware masu lobula gefe guda. Sai ga shi a matan da suka daina al'ada, fifikon da maganin letrozole ke da shi a kan tamoxifen, waɗanda dukansu magungunan daƙile tasirin istrojin ne, ya fi fitowa fili a cikinsu. Bayanan suna nan tun da daɗewa, ware su ne ba a yi ba.

A 2016 aka yi taron duniya na farko kan wannan cuta kaɗai a birnin Pittsburgh na Amurka, inda Farfesa Steffi Oesterreich ke cikin jagororin aikin. Marasa lafiya ma sun halarta, kuma ba su koma gida sun naɗe hannu ba. A 2017 suka kafa ƙungiyar Lobular Breast Cancer Alliance, wadda ke tara kuɗin bincike, tana kuma sa masu cutar su zauna teburi ɗaya da masana lokacin da ake tsara abin da za a bincika. A Turai, masana irin su Patrick Derksen na birnin Utrecht a Holand da Christine Desmedt ta birnin Leuven a Beljiyam suka jagoranci wata gamayya da ake kira ELBCC. Ɗaya daga cikin ayyukanta ba shi da armashin labari, amma shi ne tushe: daidaita yadda likitocin da ke duba nama a madubi suke tantance cutar. In abin da aka kira lobula a wannan ɗakin gwaji ba shi ake kira lobula a wancan ba, tara alƙaluma ba zai amfana da komai ba. A Birtaniya kuma, Dakta Susan Michaelis ta tashi da gangamin neman gwamnati ta ware fam miliyan 20 don binciken asalin cutar.

To me haɗakar ta haifar? A Landan, a 2018, masu bincike suka gano cewa ƙwayar da ta rasa danƙon nan takan dogara da wani sinadari mai suna ROS1 don ta rayu. Akwai kuma magungunan kansar huhu da ke toshe shi. Wannan ya kai ga gwaje-gwaje biyu da aka gina a kan wannan raunin, ROLo a Birtaniya da ROSALINE a Beljiyam. Gwajin da aka tsara tun daga tushe da lobula a zuciya sabon abu ne a wannan fage. A fannin hoto, hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2020 da wani sinadari na hoton gano kansa da ake kira PET, wanda ke bin sawun istrojin maimakon sukarin da hoton ya saba bi. Wannan ya dace da kansar da ba ta cika zuƙar sukari da yawa ba, wadda hoton da aka saba yi kan kasa kamawa.

Duk da haka, a yau macen da aka gano tana da lobula galibi irin maganin da ake bai wa sauran masu kansar da istrojin ke ciyarwa za a ba ta. Ana kan neman nata.

Akwai gudunmawar da ba ta shiga lissafin kuɗi. A Leuven, wasu mata da cutar ta ci ƙarfinsu kan sa hannu tun suna raye, su yarda a ɗebi samfurin namansu cikin 'yan sa'o'i bayan rasuwarsu. Ta wannan hanya masu bincike suka riƙa samun ƙwayoyin lobula a sassan jikin da hotunan asibiti ba su nuna komai ba, kuma daga waɗannan samfura ake renon ƙwayoyin da za a gwada sababbin magunguna a kansu.