Tumatir ya yi tsada? Ga yadda ake sayen kauɗa a yi miya da ita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau dai maganar tumatir ce, dan duk mai shiga cefane ya san da damina ta kankama kashin da mai kayan miya yake zuba maka sai ya rame, ka ce a yi gyara ya ce wallahi shi ma haka ya saro.

Kuma fa gaskiya yake faɗa. Yawancin tumatirin da muke ci a Kano na noman rani ne, daga su Kadawa da Kura da Garun Malam inda ake ban ruwa da ruwan dam ɗin Tiga, shi ya sa lokacin sanyi zuwa farkon zafi za ka ga kwanduna jibge a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ana loda wa motoci zuwa Legas, har wani ya ruɓe ba mai saye. Da zafi ya tsananta ruwa ya sauka kuma shikenan, fure ya kakkaɓe, ƙwari su shigo. Masu tunawa za su tuna 2016 da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonaki, miyar tumatir ta koma ta masu hali.

To wancan na lokacin araha shi manoma suke yankawa su shanya, shi ne kauɗa, ni a kasuwar 'Yan Kaba na auno tawa. Ku duba kalarta, mai kyau ja ce mai ɗan duhu. In kin ga ta yi baƙi ƙirin ko akwai wani fari-fari a cikin yankan, fumfuna ce, ajiye masa abarsa ko da ya rage miki kuɗi. Ki shinshina kuma, mai kyau ƙamshin tumatir take da ɗan tsami, ba warin rima ba. Sannan ki damƙa ki girgiza a tafin hannu ki ga ko yashi na zuba, dan wasu a ƙasa suke shanyawa bakin titi, kuma ba abin da ke ɓata miya irin a kai loma a ji ƙaras.

Wanki kam sai kin yi haƙuri. Jiƙa ta za ki yi a ruwan zafi ta saki, ki riƙa tsamowa da hannu kina sake ruwa, kar ki tsiyaye, yashin yana kwance a ƙasan roba. Daga nan ki tafasa ta da albasa mai yawa da busasshen tattasai, attarugu daidai bakin mutan gidanki, sai a kai inji. In da hali jefa ɗanyen tumatir ko uku ne a markaɗen, yana dawo da ƙamshin.

Wajen suya ne ake gane mai haƙuri, ki bar ta a wuta kaɗan-kaɗan har mai ya taso sama. Kanwa kuwa ɗan mitsitsi dan kashe tsami, ni dai ban yarda da masu zabga ta ba, miyar duhu take yi. Ragowar kauɗar a ƙulle ta a leda ko bokiti mai murfi, nesa da danshi, in rana ta fito a ɗan baza ta ta sha iska.