Farin Walki, Takobi da Jar Dara: Adana Kayan Ɗan Ƙungiyar 'Yan'uwantaka Bayan Rasuwarsa

Jama'a, barkanmu da sake saduwa.

A Amurka, idan dattijo ya rasu, ba a cika barin gidansa ya daɗe yadda yake ba. 'Ya'ya suna zaune a jihohi daban-daban, kowa hutun 'yan kwanaki ya roƙa a wurin aiki, ga dillalin gida yana jiran mabuɗi. Sai a kasa kaya gida uku: na ɗauka, na gwanjo, na shara. Ana cikin wannan gaggawar ne ake buɗe wani tsohon akwati a ci karo da abubuwan da ba wanda ya san kansu. Ga farin walki na fata, ga zobe mai hoton kamfas da sukwayar magina, ga takobi da sunan baba a jikinsa, ga jar dara mai baƙin tuntu. Kayan ƙungiya ke nan, kuma sau da yawa su ake fara rabuwa da su.

Waɗanne ƙungiyoyi ne? Mafi shahara ita ce Freemason, wadda aka kafa babbar cibiyarta ta farko a Landan a 1717. Akwai Odd Fellows, wadda Thomas Wildey ya kafa reshenta na Amurka a birnin Baltimore a 1819, alamarta sarƙa ce mai zobe uku. Masu jar dara kuwa su ne Shriners, waɗanda aka fi sani da asibitocin yara. Kafin gwamnatin Amurka ta kawo dokar tallafa wa tsofaffi da marasa aiki a 1935, irin waɗannan ƙungiyoyi ne gatan ma'aikaci. Kusan kamar adashi abin yake: kowa ya zuba nasa, wanda ya kwanta ciwo a tallafa masa, wanda ya mutu a yi masa jana'iza, a kula da matarsa da marayunsa. A 1959 'yan Freemason a Amurka sun haura miliyan 4. Yau ba su kai miliyan ɗaya ba. Wato mutanen suna ƙarewa, kayansu kuma suna faɗawa hannun 'ya'ya da jikokin da ba su taɓa leƙa zauren taron ba.

Na san abin da ke ran wasunku. Mu dai da an ce Freemason, ƙungiyar asiri ce take faɗo mana a rai. Malamai da dama sun yi fatawa a kanta, Fadar Paparoma ma ta hana mabiyanta shiga tun 1738. Ba tallar kowa muka zo yi ba. Maganarmu a kan kayan ce, domin shaida ne na yadda wani mutum ya rayu, ko ka yarda da tafarkinsa ko ba ka yarda ba.

Ku dubi baƙaƙen fatar Amurka. A 1775, a Boston, wani baƙar fata mai 'yanci da ake kira Prince Hall shi da wasu mutum 14 suka shiga Freemason ta hannun wani reshen ƙungiyar da ke cikin sojojin Birtaniya. A 1784 suka samu takardar izini daga Ingila ta kafa nasu reshen, African Lodge mai lamba 459. Daga nan tsarin ya bazu, har ya zama mutane irin su Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, suna cikinsa. To, ku tuna cewa kafin ƙidayar 1870, bayi ba a rubuta sunayensu a ƙidayar jama'a, sai dai a lissafa su a ƙarƙashin sunan ubangidansu. Iyalin da suke neman asalinsu sukan zo nan su tsaya cik. Saboda haka takardar shaidar zama ɗan ƙungiya guda ɗaya, mai ɗauke da suna da gari da shekara, tana iya zama ita kaɗai ce ta rage da za ta nuna inda kakan-kaka ya zauna da waɗanda ya yi mu'amala da su.

Darajar waɗannan kaya tana tare da sunan mai su. Takuban ƙungiya ba su da wuyar samu, kamfanoni irin su M.C. Lilley na birnin Columbus a jihar Ohio sun ƙera su birjik. Takobin da ba a san mai shi ba, tsohon ƙarfe ne kawai a kasuwar gwanjo. Wanda yake tare da katin biyan kuɗin ƙungiya da hoton mai shi da lambar reshensa, wannan tarihi ne. Don haka kafin wannan ya ce ni zobe nake so, wancan ya ce ni takobi, a shimfiɗa komai wuri ɗaya a ɗauki hoto, gaba da baya. A bayan lambobin girma ake samun rubutun da aka sassaƙa: suna, reshe, shekara. A samu takarda a rubuta abin da aka sani, a tambayi gwaggo ko kawu tun suna da rai.

Sannan a nemi sakataren reshen da mamacin yake. Wannan kiran waya ɗaya yana warware abubuwa da yawa, kuma in so samu ne a yi shi kafin jana'iza. Farin walkin nan na fatar ɗan rago, shi ake ba mutum sa'ad da ya shiga Freemason, kuma a al'adarsu akan ɗora shi a kan akwatin gawarsa ko a binne shi da shi. Iyali da yawa sai bayan an gama komai suke gano shi a ƙasan durowa. Haka kuma wasu lambobin shugabanci ba mallakar mamacin ba ne, na reshe ne, aro aka ba shi, ana sa ran a mayar domin wani ya sa. Ƙananan littattafan nan da aka rubuta da gajerun haruffa, waɗanda in ka buɗe ba za ka gane komai ba, su ma ƙungiya ta fi son a dawo mata da su maimakon a kai su kasuwa.

Abin da iyali suka zaɓa su riƙe kuma, yawanci kyakkyawar niyya ce take lalata shi. Wani zai ga lamba ta yi duhu, ya ɗauko man goge ƙarfe ya dirje ta, ya kankare ruwan zinaren da ke kai. Wata za ta ga walki ya yi dauɗa ta jiƙa shi a ruwa, fatar ta ƙanƙance, zanen jikinta ya zube. A bar su yadda suke. Walki, na fata ne ko na siliki, a kwantar da shi a miƙe cikin kwali marar sinadarin asid, kada a ninke, domin tsohon siliki daga layin ninki yake fara tsagewa. Kada a ɗaure shi a leda, danshi zai taru fumfuna ta kama. Takardu kada a kai su laminatin, kada a liƙa musu salatif, a cire musu ƙusar sitefula da robar ɗauri, domin ɗaya tsatsa take yi, ɗayar kuma narkewa take ta manne. Rubutu a bayan hoto da fensir ake yi a hankali, ban da biro. Dara a cusa mata takarda mai laushi don kada ta lotse, a riƙa duba ta saboda asu. Ruwan takobi kuwa kada a riƙa taɓa shi da hannu, gumin yatsa yana barin tabon tsatsa.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Ɗakin saman rufi zafi yake yi da bazara, na ƙarƙashin ƙasa kuma danshi da ambaliya. Kabad a cikin ɗakin da mutane suke kwana ya fi su duka, nesa da hasken rana.

In babu mai so a cikin iyali, akwai masu karɓa. A garin Lexington na jihar Massachusetts akwai gidan tarihi da laburare na Scottish Rite (wani sashe na Freemason), wanda aka buɗe a 1975, yana tattara kayan ƙungiyoyin 'yan'uwantaka iri-iri. A Landan akwai gidan tarihin Freemason a kan titin Great Queen. Ƙananan gidajen tarihi na garuruwa ma sukan so kayan ɗan garinsu. Sai dai kada a cika kwali a aika musu haka kawai. A fara tura hoto da bayani, domin ba komai suke da wurin ajiyewa ba. Wanda kuma ya ga sayarwa zai yi, ya sayar da su a haɗe tare da takardunsu.

Akwai wani abu da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya faru. 'Yan Odd Fellows sun kasance suna amfani da ƙwarangwal a bikin shigar da sabon ɗan ƙungiya, don su tuna masa cewa mutuwa na nan tafe. Wasu na roba ne ko na filasta, wasu kuwa ƙasusuwan mutum ne na gaske, kuma an sha tsintar su a tsofaffin gine-ginen ƙungiyar lokacin gyara. Idan mamacin shi ne ya kwashe kayan reshensu ya kai gida bayan an rufe shi, kuka buɗe dogon akwati kuka ga haka, kada ku taɓa, kada ku kai shara. Ku kira 'yan sanda su zo su duba.