Yadda Ruwan Gas Ke Kashe Kwamfaresa Lokacin Tayarwa

Assalamu alaikum. Ƴan'uwa masu gyaran firigo da na'urar sanyaya ɗaki na nan Damagaram, da yaran shago da suka zo tare da iyayen gidansu, ina yi muku barka da zuwa. Maganata ta yau a kan daƙiƙun farko ne na tashin kwamfaresa, domin a cikinsu ne injuna da yawa suke samun raunin da zai kashe su, ko da mai injin ba zai gane ba sai bayan watanni.

An ƙera kwamfaresa ne domin ya matse tururi. Tururi yana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, saboda haka idan fistan ya taso da ƙarfinsa ya tarar da ruwa a gabansa, dole wani abu ya karye, ko dai siraran bawul ɗin da ke kan silinda, ko kuma sandar da ke riƙe da fistan ɗin kansa. Tambayar ita ce, ta ina ruwan yake shiga injin da ya kwana a kashe?

Idan aka kashe inji, gas ɗin da ke cikin bututu ba ya zama wuri ɗaya. Yana tafiya a hankali zuwa inda ya fi sanyi, kuma man kwamfaresa yana shan sa kamar yadda garin rogo yake shan ruwa. Ku tuna da daren Disamba da Janairu a garin nan, lokacin da hunturu ya kama, kwamfaresa yana waje a kan rufi ko a bayan ɗaki yana shan iska, alhali cikin ɗakin da ɗumi. Gas zai bi bututu ya sauka cikin cikin kwamfaresa, ya koma ruwa, kuma da yake ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda famfon mai yake zuƙa. Da safe mai shago ya kunna. Nan take matsin da ke cikin kwamfaresa ya faɗi, ruwan gas ya tafasa gaba ɗaya, domin nau'in gas mai suna R22 yana tafasa ne a wajen digiri 41 ƙasa da sifili idan babu matsi a kansa, nau'in R134a kuma a wajen digiri 26 ƙasa da sifili. Mai ya zama kumfa, kumfar ta bi gas ta fita, ƙarafa suna goga juna babu mai a tsakaninsu. Wannan ƙarar da kuke ji kamar ana bugun ƙarfe da guduma na ɗan lokaci sannan ta lafa, ita ce alamarsa, kuma abin yana damuna ƙwarai idan na ji ana ce wa mai inji wai haka injin yake tashi.

Maganin farko shi ne hitar da ake ɗaura wa kwamfaresa a gindinsa, ko a cusa ta cikin ramin mai. Aikinta ta riƙe man da ɗumi fiye da sauran sassan injin, yadda gas ba zai sami wurin kwanciya ba. Wutar da take ci ba ta wuce ta tsohon ƙwan fitila ɗaya ba, amma dole ta kasance a kunne lokacin da kwamfaresa yake kashe. A nan ne mutanenmu suke kuskure, domin mai ɗakin sanyi na nama ko na ƙanƙara yakan sauke babban makunni da dare don rage kuɗin wuta, ya kashe hitar tare da komai. Masu ƙera injuna galibi suna cewa a ba hita wuta awa 12, wasu har 24, kafin a tayar da injin da ya daɗe a tsaye. Haka nan idan wuta ta ɗauke ta daɗe, kada a tayar da babban inji da zarar ta dawo, a bar man ya yi ɗumi tukuna.

Ga manyan ɗakunan sanyi, na fi amincewa da tsarin kwashe gas kafin tsayawa. Ana sa bawul mai aiki da wuta a kan bututun ruwa, idan sanyi ya kai, bawul ɗin ya rufe, kwamfaresa ya ci gaba da zuƙa har ya tattara gas ɗin a tankinsa, sannan makunnin ƙarancin matsi ya tsayar da shi. Akwai kuma tulun tare ruwa da ake sa wa a bututun zuƙa, wanda yake riƙe ruwan ya bar tururi kaɗai ya wuce, yana mayar da mai a hankali ta wata ƴar huda da ke ƙasan lanƙwasar bututunsa.

Wani ɓangaren laifin kuma daga hannunmu yake fitowa. Wanda ya cika gas da ido, ba tare da sikeli ba, yakan zuba fiye da abin da aka rubuta a jikin injin, rarar kuwa cikin mai take kwana. Nau'in gas mai suna R410A dole a fitar da shi daga tulu yana ruwa, saboda haɗi ne na gas biyu, amma a bututun zuƙa sai an matse famfon ana sakinsa kaɗan-kaɗan. Ƙurar hazo ita ma tana toshe matatar iska, ƙanƙara ta rufe bututun cikin ɗaki, gas ya kasa zama tururi ya koma wa kwamfaresa yana ruwa.

Wani ɗan'uwa a baya ya yi tambaya a kan firigon gida da aka ɗauko a kwance cikin mota daga kasuwar Dole, ko me ya sa ba a haɗa shi da wuta nan take. Malam, wannan man ne ya gangara cikin bututu. A tsayar da firigon a bar shi awoyi kafin a haɗa shi da wuta, idan ma tafiyar ta yi nisa, ya kwana a tsaye.