Jawabin maraba ga mai girma ministan lafiya, daga komitin waɗanda suka dawo daga Aljeriya da Libiya

Assalamu alaikum. Mai girma minista, ranka ya daɗe, mai girma gwamna, wakilin mai martaba Sarkin Damagaram, iyayenmu malamai, sannunku da zuwa, sannunku da rana. Aikinka ba sai mun faɗa ba, rediyo ta riga mu, kuma wanda ya taso tun daga Yamai ya sha wannan doguwar hanya dan ya ganmu ai ya gama mana komi. An ce minti kaɗan gare mu, to ga roƙonmu tun da fari: yaranmu da aka haifa a waje a basu takardar haihuwa da karne na likita, wato littafin da ake rubuta awo da rigakafin yaro.

Ranka ya daɗe Damagaram garin saukar baƙi ne tun kaka da kakanni. Ayarin raƙuma daga Tarabulus nan suke yada zango kafin su wuce Kano, unguwar Zango ma daga nan ta samo suna. Sarki Tanimu ya ja ganuwa ya ƙera igwa a garin nan, mu ne babban birnin Nijar har 1926 da nasara suka ɗauke suka kai Yamai, wai bamu da ruwa, to ruwan ma har yau matanmu na bin layin famfo da bido. Garin da ya ciyar da fatake yau 'ya'yanshi ke bin hamada neman abinci. Ba mu manta 2013 ba, mutum 92 ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara 'yan Kantche.

Mu da Allah ya maido, da yawanmu a iyaka aka zube mu muka taka kilomita 15 zuwa Assamaka, daga nan Arlit, Agadas, sannan gida, wani da tari wani ƙafa duk ta fashe, wani kuma har yanzu baya barci sai zabura. Can Aljeriya ko Libiya mace zata yi wata tara da ciki bata je awo ko sau ɗaya ba saboda tsoron kamu, ta haihu a kango, ba allurar rigakafi ba takarda. Tun 2006 gwamnati ta ce yaro ƙasa da shekara 5 magani kyauta ne, mun gode Allah ya saka, amma uwa ta je likita a ce ina karne, ina shedar shekarunshi, ta rasa ta cewa, a rubuta mata ordinansi na jika uku alhali ko dala bata da ita, sai ta koma wajen mai tallan ƙwayoyi a faranti. Ni kaina jikata haka akai mata da damina da zazzaɓi ya kada ta. In ƙyanda ta shigo unguwa kuwa bata tambayar wa aka haifa a Tamanrasat wa aka haifa nan unguwar Birni.

Akwai maganar sana'a da ta lakwal, wannan mun barta sai wani zuwan. Yau dai takarda da karne, ranka ya daɗe. A turo ma'aikata su zauna mana ko sati guda ne, mai unguwa ya yarda zai tsaya sheda, rumfa da tabarmi da shayi namu ne. Sunayen yaran gasu mun rubuta unguwa unguwa, sakataren komiti zai miƙa maka yanzu hannu da hannu.