Gishirin da ba ya aiki sai ya sha wuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa a nan Sakkwato ana sauke kankana daga mota, ya riga ya ga rabin darasinmu na yau. Mutum biyar ko shida ne a jere. Na kan mota ya jefo, na biyu ya cafe, ya juya, ya wurga wa na uku. Babu wanda ya gusa daga inda yake tsaye, amma kankana ta isa rumfa. Ku riƙe wannan hoton.

Akwai wani gishiri, ba na miya ba, ba kuma kanwa ba. Masana suna kiran irinsa daskararren asid, domin a ido farin gari ne, amma a cikinsa akwai haidurojin mai iya barin gurbinsa, irin na ruwan batir. Wanda ya fi suna shi ne sisiyam haidurojin salfet. Kowane salfet a cikinsa ƙwayar salfa ɗaya ce da ƙwayoyin iskar oksijin huɗu kewaye da ita, sai furoton, wato cibiyar haidurojin, a maƙale tsakanin salfet da maƙwabcinsa. Salfet shi ne ɗan dako, furoton ita ce kankana.

Idan gishirin yana da sanyi, 'yan dakon nan sun ƙame, kowa ya rungume tasa. Lantarki ba ya ratsa shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ko zafin watan Afrilu na garin nan, da ke haura digiri 40, ba ya motsa shi.

A 1982, wani masani mai suna Baranov da abokan aikinsa a birnin Mosko suka dafa shi suna aunawa. Da ya kai digiri 141 a ma'aunin Salshiyas, sai gudun furoton a cikinsa ya ninka wajen sau dubu, ba a hankali ba, tashi ɗaya. Kuma fa bai narke ba. Ƙwayoyin sisiyam suna nan a jere, sun dai sake tsari zuwa wanda ya fi sarari. A sabon tsarin, guraben da furoton za ta iya zama sun fi furoton ɗin yawa, salfet kuma ya samu sakewa, yana juyi a inda yake sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Ya karɓa ta nan, ya juya, ya miƙa ta can. Tun 1806 wani masani mai suna Grotthuss ya kawo irin wannan bayani na miƙa-miƙa game da ruwa. Abin mamakin shi ne ganinsa a cikin busasshen abu.

Me ya sa sai sisiyam? Ƙwayarsa ƙatuwa ce, tana buɗa wa 'yan dako wurin juyawa. Ku ɗauki fotasiyam fosfet, wanda ake sa wa a wasu takin zamani. Danginsu ɗaya, fosfet ne ɗan dako a nan maimakon salfet, amma ƙwayar fotasiyam ƙarama ce, wurin ya matse. Dafa shi a sarari, zai lalace ne bai kai ga wannan farkawar ba.

Amfaninsa yana wajen batir mai shan haidurojin, wanda ke ba da lantarki, hayaƙinsa kuwa ruwa ne kawai. Yana buƙatar bango a tsakiya da zai bar furoton ta wuce ya tare iskar gas. Irin bangon roba da aka saba da shi sai yana jiƙe yake aiki, don haka ba a cika kai shi digiri 100 ba. A 2001, Sossina Haile, haifaffiyar Adis Ababa, tare da ɗalibanta a jami'ar Caltech ta Amurka, suka nuna a mujallar Nature cewa gishirin nan zai iya zama bangon. Ya yi aiki, sai dai haidurojin ya riƙa cin salfet ɗin yana fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita kuma tana kashe filatinam, ƙarfen da ke tafiyar da aikin.

Sai aka koma kan ɗan'uwansa, sisiyam fosfet, wanda haidurojin ba ya ci. Nan ne labarin ya fi ba ni sha'awa. Shi nasa sauyin yana zuwa wajen digiri 228. Matsalar ita ce, a busasshiyar iska, daf da wannan zafin ne kuma yake fara amayar da ruwa. Fosfet biyu su haɗe, su saki ruwa guda, a ci gaba da haka har furoton su ƙare. 'Yan dako sun shirya, kankana ta gudu. Shekaru aka kwashe ana gardama. Wasu masana suka ce ai babu wani sauyin tsari, ruwan da ke fita ne kawai yake ruɗin na'urar awo. Ni ban ga laifinsu ba, abu biyu ne suka faɗo lokaci guda.

An raba gardamar ta hanya biyu. A 2003 aka matse gishirin da nauyin da ya kai na iskar duniya sau dubu goma, ruwa ya rasa mafita, aka kuma ga sauyin ƙarara. A 2004 kuma, a mujallar Science, ayarin Haile ya nuna hanya mai sauƙi: a turara shi, kamar dambu a madambaci. Idan tururi ya kai kusan kashi uku cikin goma na iskar da ke kewaye da shi, gishirin ba ya sakin ruwansa, ya yi ta aiki. Ƙara zafi, dole ka ƙara tururi.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Gishirin da ke neman tururi, ruwan zahiri narkar da shi yake yi, kamar gishirin miya da damina. Saboda haka idan za a kashe batirin, ba a barinsa ya huce da tururi a ciki. Sai zafin ya sauko inda ba ya amayar da ruwa, a sauya masa busasshiyar iska, tun kafin ya iso digiri 100 raɓa ta kwanta a kansa.