Dutse mai aman wuta da abin da yake yi wa masu rai: laccar da aka gabatar a Agege

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, 'yan uwa, sannunku da haƙurin cunkoson Legas. Abu 3 zan kawo, in lokaci ya bari.

Na farko, toka. A 1815 dutsen Tambora na Indunusiya ya yi aman da tokarsa da hayaƙinsa suka rage hasken rana, har a 1816 amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka, aka yi yunwa. Pinatubo na Filifin, a 1991, ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri. Na ga Alhaji yana murmushi, wato da ma a samu irinsa a watan Maris. Alhaji, ba ka so, wallahi.

Amma ni wanda ya tsaya mini a rai yana nan maƙwabta, a Kamaru. Tafkin Nyos, a cikin ramin tsohon dutse yake, zurfinsa ya kai mita 200. Wutar da ke ƙarƙashin ƙasa tana ta tura iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, tana narkewa a ƙasan ruwan shekara da shekaru. Kamar kwalbar lemo ce da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta 1986 murfin ya buɗe. Iskar nan ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana gangara, ba launi, ba wuta, ba narkakken dutse. Ku ji fa, ba wuta! Mutum sama da 1,700 suka rasu, da yawansu suna barci. Dabbobi kusan 3,500, akasari shanun Fulani makiyaya. 'Yan kara da ke nan, ku lissafa wannan asarar. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce ko ƙuda babu a kan mushen, don ƙudajen ma sun mutu. Itatuwa kuwa galibi suna tsaye da ganyensu. Ruwan tafkin ya koma ja. Kuma an yi gargaɗi, don a 1984 tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Sai a 2001 aka fara kafa bututu a tafkin Nyos yana fitar da iskar a hankali.

Na nawa muke? To, na ƙarshe dai. Toka in ta daɗe ƙasa ce mai albarka. Gindin Dutsen Kamaru ayaba ce da shayi da roba. Yankin Panyam da Kerang a Filato ma tsofaffin duwatsun aman wuta ne, kun kuwa san dankalin da ake saukewa a kasuwar Mile 12.

(Wani daga baya ya tambaya ko irin abin da ya faru a Nyos zai iya faruwa a Nijeriya.)

Yauwa, ɗan uwa. Legas dai ba ta da irin dutsen nan, mu ambaliya ce tamu. Duwatsun Biyu da na Filato sun daɗe shiru. Abin tsoron shi ne bangon da ya tare tafkin Nyos, don a baya an gano yana zaizayewa. In ya fashe, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala, ya shigo Taraba da Binuwai. Dalilin gina madatsar Kashimbila ke nan, ta tare shi, yanzu har lantarki take bayarwa. Ladan yana ta duba agogo, sauran tambayoyin sai bayan sallah.